Lasisin Windona da Karsanar Jaɓɓo

Malam Maharazu, assalamu alaikum.

Don girman Allah ka agaza min da shawara, tun kafin zuciya ta ɗebe ni in aikata abin da ba ya gyaruwa. Ni mutumin Illela ne. A nan aka yanke min cibiya, a nan na yi aure, a nan nake neman tuwon iyalina, kuma tun da nake ba a taɓa haɗa sunana da sata ba sai bana. Abin da ya fi ƙona min rai, a kan kayan da na saya da gumina ne, na ɗauka na ba da shi kyauta. Ka yi haƙuri in ka ga na yi tsawo ko ina ta kai da kawowa, raina a ɓace yake.

Ina da ɗan shagon bugu a kan hanyar kara, kasuwar dabbobi. Ina buga katin ɗaurin aure, kalanda, sitikar suna da ta walima, da takardun fatake masu tsallakawa Konni. Shekarun baya da na sayi kwamfutata ta farko, ta tebur, ba komai a cikinta, kowa ya ce in kai a zuba min windo, manhajar da ke tafiyar da ita, irin wanda ake zuba wa kowa, na bogin nan da masu gyara ke ce wa mai kirak. Na ce a'a. Mahaifina, Allah Ya jiƙan shi, fatoma ne a kara, mai saukar da baƙi masu sayar da dabbobi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa barin dabbar da bai san asalinta ba ta kwana a gidanshi ba. Ni kuma sai in ɗora abincin iyalina a kan kayan da ban san mai shi ba? Na sa aka sayo min Windo 10 na gaskiya daga Kano, a cikin kwalinshi, da filasha da wani ɗan kati mai ɗauke da lambobin makulli. Malam, ka ga dariya! Maƙwabtana na layin suka laƙaba min Alhaji Orijina, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Na shanye, don na san abin da nake yi. Kwalin nan yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina har gobe.

To bana aiki ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutar tawa. In na buɗe zanen kalanda, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tunani ba. Akwai wani mai gyaran kwamfuta a garin nan, Shamsu, magidanci ne, mun daɗe tare. Shi ya ce kar in sayi haɗaɗɗiya, in bari ya haɗa min sabuwa da hannunshi, a sayo kowane ɓangare daban, ta fi ƙarfi kuma ta fi sauƙi. Haka aka yi. Muka yi ta tara kayan kaɗan-kaɗan, wani daga Sakkwato, wani daga Kano, har ta tashi. Ba ƙarya, na'ura ta yi kyau, ga gudu kamar me.

Yanzu bari in gaya maka wane ne Jaɓɓo, don shi ne ciwon. Bafillace ne, rugarsu tana bayan Kalmalo. Babanshi a gidanmu yake sauka duk ranar kasuwa tun ina yaro, mahaifina ne fatomanshi. Da iyayenmu suka tafi sai muka gaji abin. Duk Lahadi in ya fito daga kara, shagona zai nufo. Ya jingine sandarshi a bayan ƙofa, ya miƙo waya a sa mishi caji, ya zauna a benci a kawo shayi, ya yi ta tsokanata wai ni Bahaushe ne mai kiwon takarda. Ni kuma in ce shi da shanunshi har yau ban gane wa ke kiwon wani ba. In zai shiga Konni, a wurina yake barin abin da ba ya son tsallakawa da shi, shi bai ƙirga ba, ni ban ƙirga ba. Da matata Mahbuba ta yi doguwar jinya, matarshi ce ta baro ruga ta zo ta zauna da ita. Ko a cikin dangina na jini ba ni da wanda ya kai shi.

Yana da ɗiya, Iklima, yarinya mai ƙoƙari, ita ce ta farko a rugarsu da ta wuce sakandare. Tana karatun aikin lafiya a Sakkwato, tana zaune a gidan ƙanwar uwarta. Wata Lahadi muna shan shayi ya ce, kamar da wasa, wai an ce su nemi kwamfuta, shi kuwa bai san ko a mudu ake auna ta ba. Jaɓɓo ba ya roƙo ko yunwa za ta kashe shi. Na gane. Tun kafin Shamsu ya gama ɗaure sabuwar, na sa ya kwashe ayyukana daga tsohuwar, ya kaɗe mata ƙura, na haɗa da allonta da komai na ɗora a mota aka kai wa yarinyar har gida.

Ba a yi nisa ba Jaɓɓo ya ce lallai in zo ruga. Na hau babur na je. Ya ja ni cikin garke ya nuna min wata karsana ja mai farin goshi, ya ce daga ranar tawa ce, za ta zauna a garkenshi da sunana, abin da ta haifa nawa ne. Na ce abin ya yi yawa, ya ɓata rai. A gaban ƙannenshi da dattawan ruga aka yi. Kai ma ka san wannan ba ciniki ba ne. Wallahi na dawo gida ranar ina jin kaina kamar an naɗa min rawani.

To ga inda tsiyar ta faro. Shamsu ya zuba Windo 11 a sabuwar, sai ga wani rubutu fari-fari a kusurwar allo ta ƙasa, yana cewa a kunna lasisi. Duk abin da ka buɗe yana nan a kai, ba ya gushewa. Mai kawo aiki in ya leƙo don ya ga zanen katinshi, shi zai fara gani. Ni, Orijina, a ce ga wannan a shagona? Na ɗauko kwalina na kai wa Shamsu. Ya ce irin nawa ana iya ɗauke shi daga na'ura zuwa na'ura tunda daban na saye shi, kuma lambar 10 tana buɗe 11. Ya shiga asusuna na imel wanda lasisin ke rataye da shi, ya danna inda ake shaida cewa an canza kayan na'ura. Sunan tsohuwar ya fito. Ya tambaye ni ina take, na ce tana Sakkwato wurin yarinya, karatu kawai take yi da ita. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce in sha Allahu ba abin da zai faru, ya ga wurare da yawa da aka yi haka tsohuwar ta ci gaba da aikinta. Na ce to ya danna. Ya danna, rubutun ya ɓace, na yi hamdala. Mi na yi a nan, Malam? Kayana na ɗauka. Kwamfuta na ba Iklima, ƙarfe da allo da waya, ban ce na ba ta windona ba.

Ashe can Sakkwato, da yarinyar ta haɗa ta da intanet, rubutun da ya bar shagona sai ya je ya sauka a allonta. Ta tsorata, ta ɗauka lalacewa ce, ta kira wani mai gyara na bakin makarantarsu. Ya zo har gida ya tarar da ita da ƙawayenta suna karatu. Wannan bawan Allah, ban san shi ba bai san ni ba, ya dubi allo sau ɗaya ya yanke hukunci wai windon na sata ne, mai shi na ainihi ya gano ya karɓe abinshi. Ƙawaye suka shiga ƙus-ƙus. Yarinya ta kira uwarta tana kuka. Su mutanen ruga ina ruwansu da bambancin windo da kwamfuta? Kafin maganar ta isa kunnen Jaɓɓo ta zama wai ɗan fatoma ya ba ɗiyarsu kayan sata, har ya karɓi karsana a kai. Ka san nauyin kalmar nan a garin iyaka, balle a wurin mutanen da kullum ake tarewa a hanya ana tuhumarsu a kan dabbar da aka haifa a garkensu.

Ni duk ban san wainar da ake toyawa ba. Lahadi ta zo, na sa aka dafa shayi, Jaɓɓo bai zo ba. Na ce ƙila bai shigo kasuwa ba. Ta gaba ta zo, ina tsaye a ƙofar shago, da idona na gan shi ya tsallaka titi ya miƙa wayarshi a shagon mai cajin da ke kallon nawa. Ya ɗago min hannu daga nesa, irin na wanda kuka taɓa haɗuwa sau ɗaya a mota. Ana haka sai ga ɗan kabu-kabu da kwamfutar nan. Ashe Jaɓɓo ne ya sa aka ɗauko ta daga Sakkwato. An naɗe ta da bargo, an ɗaure da igiyar shanu, aka sauke min a ƙofar shago a gaban jama'a. Na tambayi saƙo, mai babur ya ce ba saƙo, an dai ce ya kawo nan. A bakin matata na ji sauran labarin, ita ma a bakin masu tallar nono ta ji.

Malam, ban taɓa jin abin da na ji ba. Maƙwabtan nan da suka yi shekaru suna min dariya, waɗanda ba ko ɗaya a cikinsu da na'urarshi ba ta cike da kayan bogi, su ne yau ke leƙowa suna tambayar Alhaji Orijina ya aka ji da kayan mutane. Ni kaɗai na biya a layin nan, ni kaɗai aka kira ɓarawo. Ina adalci a nan?

Ina jin haushin Shamsu. Da ya yi jim ɗin nan, mi ya hana shi buɗe baki ya ce kar a yi? Da na je na same shi, wai shi in sha Allahu ya ce, bai ce tabbas ba. Kuma wai in kawo tsohuwar ya zuba mata kirak, nan take rubutun zai ɓace ba mai ganewa. Saura kaɗan in kife mishi teburin. Ina jin haushin wancan mai gyaran na Sakkwato, wanda da na san shagonshi da na je ya maimaita a gabana in ya isa. Ita ma yarinyar ina jin haushinta. Tana da lambata, Baffa take ce min, mi ya hana ta kira ni kafin ta kira uwarta? Amma duk haushin nan in aka tara shi wuri ɗaya bai kai na Jaɓɓo ba. Mutumin da ke barin dukiyarshi a hannuna ba ƙirge, a ce magana ɗaya ta fito daga bakin wanda bai taɓa gani ba ya yarda? Da ya zo ya zage ni da ya fi min. Da ya ci kwalata a tsakiyar kara ya tambaye ni mi na ba ɗiyarshi, da na ɗauko kwali na nuna mishi an wuce wurin. Wanga shiru nashi da Fulani ke kira fulako, ni wulaƙanci na ɗauke shi.

Karsanar tana can garkenshi. Bai koro ta ba, bai aiko da magana a kanta ba. Abin da na yanke shi ne in aika mishi ta bakin wani dattijon kara, a gaban shaidu kamar yadda ya ba ni a gaban shaidu, cewa ya riƙe dabbarshi, ɗan fatoma ba ya cin ladan sata. Har na hau babur zan tafi wurin dattijon, Mahbuba ta zare makullin ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce ba inda za ni sai na rubuto maka, tunda kullum ina karanta mata filinka na jarida ina cewa kai ba ka ɓoye gaskiya. To ga shi na rubuto.

Ka gaya min tsakani da Allah, lasisin nan nawa ne ko ba nawa ba? Ina da ikon ɗauke shi ko ba ni da shi? In nawa ne, a kan mi zan ba wani haƙuri? Kuma ya zan yi da wannan na'ura da ke jibge a kusurwar shago cikin bargo, wadda har yau ko igiyar na kasa kwancewa? Kar ka lallashe ni, na gaji da masu cewa in yi haƙuri.

Naka cikin ɓacin rai,
Mai shagon bugu, Illela

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa mai shagon bugu.

Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan yi ba. Amma kafin komai ka gaida min Malama Mahbuba, ka ce mata ta ci gaba da riƙe makullin nan har ka kai ƙarshen wannan amsa.

Bari mu fara da tambayarka, domin tana da amsa ƙarara. Lasisin windo da ire-irenmu ke amfani da shi iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa manne da kwamfuta tun daga masana'anta. Wannan na na'urar ne, tare suke aiki tare suke mutuwa, ba a ɗauke shi a kai wata. Akwai kuma wanda mutum ke saye daban, irin naka na kwali. Shi ana ɗauke shi a kai sabuwar na'ura, kuma Shamsu bai yi ƙarya ba da ya ce lambar 10 tana buɗe 11. Sai dai yana da sharaɗi: na'ura ɗaya a lokaci ɗaya. Ranar da ya sauka a sabuwa ya tashi daga tsohuwa ke nan, ko rubutun ya fito nan take ko ya yi jinkiri. Saboda haka lasisin naka ne, kuma ba ka saci komai ba. Wanda ya ce windon sata ne ya yi magana ba da sani ba, domin abin da rubutun nan ke nufi kawai shi ne babu lasisi a kan na'urar a yanzu, bai faɗi dalili ba. Na kuma ji zafin da ka ji. Mutumin da ya jure dariyar layi guda don ya ci halal, a wayi gari shi ake nuna wa yatsa, dole ransa ya ɓaci.

Wannan a wajen ƙa'ida ke nan. A wajen zumunci kuwa, ɗan'uwa, kasonka na laifi ya fi na kowa, kuma wasiƙarka da kanta ta faɗa.

Ka ce ƙarfe da allo da waya ka ba Iklima. Wa ka gaya wa haka? Ranar da aka sauke mata kwamfutar ta kunna ta tarar tana aiki lafiya lau. Haka ta karɓa, haka ubanta ya gode, kuma a kan haka ya ja ka cikin garke. Kai mutumin iyaka ne. Ka ɗauka ka ba mutum babur kyauta, ya hau yana murna, daga baya ka zare takardun ka riƙe ba ka gaya masa ba, don da sunanka aka yanke su. Shingen farko da aka tare shi, me za a kira shi? Abin da ya sami yarinyar nan ke nan a gaban ƙawayenta. Da Shamsu ya tambaye ka inda tsohuwar take ya yi jim, kai ma ka ga jim ɗin, tunda ga shi ka rubuto min shi. Ya kamata ya hana, wannan sakacinsa ne. Amma kai ne ka ce ya danna. Da a ranar ka ɗaga waya ka shaida wa yarinyar abin da ka yi, da duk wannan bai faru ba.

Akwai kuma abin da na nema a wasiƙarka ban gani ba. Ka jero duk waɗanda kake jin haushinsu, ba ka tambayi da me yarinyar ke karatu yanzu ba. Ayyukanta na makaranta suna cikin na'urar da ke naɗe a bargo a kusurwar shagonka. Duk ranar da kai da ubanta kuka ƙara kuna kumbure-kumbure, ita ce ke cutuwa.

Shi ma Jaɓɓo bai kyauta ba. Amini na gado ya cancanci a tambaye shi kafin a yanke masa hukunci, kuma sauke maka kaya a bainar jama'a ya yi tsauri. Amma ka tsaya a inda yake tsaye. Ba ya karanta abin da ke allo. Abin da ke hannunsa kukan 'yarsa ne da maganar wanda aka ce masa masanin na'ura ne. In ya zo ya tambaye ka, tambayar da kanta zargi ce, kuma a tarbiyyarsa irin wannan magana ba ta fita daga baki zuwa ga ɗan mai masaukin ubansa. Sai ya mayar da kayan ya yi shiru. Kai wulaƙanci ka gani. Ni mutum na gani wanda ya rasa yadda zai tambaye ka ba tare da ya ci mutuncinka ba.

Ga abin da za ka yi. Kwance igiyar nan yau. Kira Shamsu, tunda da hannunsa aka ɓata, da shi za a gyara. Ya cire lasisin daga sabuwar ya mayar da shi kan tsohuwar da lambobin katin nan. Idan na'urar ta yi gardama, akwai hanyar tuntuɓar masu windon a yi musu bayani, ya san ta. Ya cire asusunka daga kanta gaba ɗaya a bar wa Iklima ta sa nata, kuma kada a taɓa ayyukanta. Ya duba ko tsohuwar za ta ɗauki 11, domin masu shi sun fara janye hannu daga 10. Batun zuba mata kirak kuwa, ka yi daidai da ka ƙi, domin da ka yarda da ƙazafin da aka yi maka ya zama gaskiya da hannunka.

Sabuwar taka za ta koma da rubutunta a kusurwa. Za ta yi aikinta, katinka zai fita lafiya, rubutun ba ya bin takarda. Ka zauna da shi har ka sami halin sayen wani lasisin a wurin da ka amince da shi, ban da lambobin arahar banza da ake tallatawa a waya. Maƙwabta za su yi dariya. Sun saba, kai ma ka saba. Abin da 'yar mutane ta gani a allonta, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ba zai kashe ka ba don ka gan shi a naka na ɗan lokaci.

Na san za ka ce me zai hana ka bar naka a inda yake ka saya mata sabo. Idan kana da halin yi a makon nan, ba laifi. Amma ni na fi son tsohon ya koma, da kwalinsa da katinsa, a danƙa mata a hannu su zama nata har abada. Shi ne abin da ta karɓa tun farko, kuma shi ne za ta ajiye a gaban ƙawayen nan su gani da idonsu.

Sannan ka je ruga da ƙafarka. Kada ka aika dattijo, kada kuma ka jira Lahadi ya shigo kara, inda idon mutane zai hana ku duka biyun saukowa. A gaban waɗanda aka nuna maka karsana, a gabansu za ka yi magana. Kada ka fara da kwali, kada ka fara da mai gyaran Sakkwato. Ka fara da cewa kai ne ka cire wani abu daga kyautarka ba ka faɗa ba, kuma ga shi ka mayar. Bayan nan ka nuna shaidarka. Sannan in kana so ka gaya masa shirunsa ya yi maka ciwo, kana da hakkin faɗa, kuma ina kyautata zaton kunyar da zai ji za ta fi taka.

Saƙon da ka yi niyyar aikawa kuwa, ka binne shi. Jaɓɓo ya san hanyar gidanka. Wanda ya iya sa a ɗauko kwamfuta tun daga Sakkwato, koro karsana ɗaya daga bayan Kalmalo ba zai gagare shi ba. Bai yi ba. Kullum da safe yana sakinta tare da sauran, da yamma ta dawo ya ɗaure ta da sunanka, yana jiran ya ga abin da za ka yi. Ranar da ka ce ya riƙe ta a gaban shaidu, ka yanke abin da iyayenku suka ƙulla, kuma wannan babu Shamsun da zai iya mayar maka da shi. Lasisi kuwa ana sayen wani.

Allah Ya huci zuciyarka, Ya ba Iklima sa'ar karatu, Ya sa ranar da karsanar nan ta haihu Jaɓɓo ne da kansa zai tako ya yi maka albishir.

Malam Maharazu